Sarkin Haɗeja Buhari Ɗan Sambo: Mulki a Tsakanin Wurin Sakkwato da Kuɗin Barno

Gabatarwa

Masarautar Haɗeja tana ɗaya daga cikin masarautu biyar na Jihar Jigawa, tare da Dutse da Gumel da Kazaure da Ringim. A jerin sarakunan da suka mulke ta tun bayan jihadi, babu wanda sunansa ya yi tashe a ciki da wajen ƙasar Hausa kamar Muhammadu Buhari ɗan Sambo, wanda ya hau gado a 1848, aka tuɓe shi a 1850, ya sake karɓar mulki da ƙarfin takobi a 1851, ya kuma riƙe shi har rasuwarsa a 1863. Akasarin masu ba da tarihinsa sukan tsaya ne a kan yaƙe-yaƙensa da tawayen da ya yi wa Sakkwato. Wannan taƙaitaccen tarihi zai bi rayuwar tasa tare da duba wani ɓangare da ya taimaka wajen tsayuwar mulkinsa, wato zaman Haɗeja a kan iyakar dauloli biyu masu kuɗi iri biyu, da yadda ake canjin waɗannan kuɗaɗe a zamaninsa.

Asalinsa da ƙasar da ya tashi a cikinta

Buhari ɗa ne ga Sarkin Haɗeja Sambo, wanda ya yi mulki daga 1808 zuwa 1845. Sambo ƙane ne ga Umaru ɗan Abdure, shugaban Fulanin yankin da aka ba tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kafin jihadi, wannan yanki ƙananan sarautu ne guda bakwai, wato Auyo da Haɗeja da Garin Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, kuma dukkansu suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadiman Barno da ke Nguru. Sambo ne ya tattara mafi yawansu ƙarƙashin tuta guda, ya baro Rinde ya tare a birnin Haɗeja, ya faɗaɗa ganuwa, ya mai da alƙiblar biyayyar ƙasar daga gabas zuwa yamma.

Ƙasar da Buhari ya buɗe ido a cikinta ƙasa ce ta ruwa da fadama. Kogin Haɗeja yana tasowa ne daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa, ya gangaro arewa maso gabas yana malala a kan fadamu, ya haɗu da kogin Jama'are, su zama kogin Yobe mai zubawa a Tafkin Cadi. Wannan malala ita ke ba mutanen yankin kifi da shinkafa da makiyayar shanu da dawaki ko da rani ya tsananta. Haka kuma hanyoyin fatake daga Kano zuwa Kukawa, babban birnin Barno na wancan lokaci, suna ratsa wannan yanki ko su bi gefensa. Duk wanda ya riƙe Haɗeja, ya riƙe ƙofar da ke tsakanin kasuwannin Daular Usmaniyya da na Barno.

Kuɗin da ake ciniki da su a zamaninsa

A yammacin Haɗeja, wato Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, wuri ne kuɗi. Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce a tsohuwar Hausa. Wuri ƙwanson wata ƙaramar halittar ruwa ne da ake samowa a tsibiran Maldif cikin Tekun Indiya. Ya shigo ƙasar Hausa ta hamada, daga baya kuma ya fi shigowa ta bakin teku a jiragen ruwan Turawa, ya hauro ta ƙasar Yarbawa da Nufe. Ana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa, a tara hauya, wato ashirin, a tara ɗari, har zuwa zambar, wato dubu. Idan ya kai dubu 20 sai a ɗinke shi a cikin ƙeso. Alherin wuri shi ne ba a iya yin jabunsa, kuma talaka yana iya sayen gishiri ko daddawa da guda biyar. Aibinsa kuwa nauyi.

A gabashin Haɗeja lamarin ya sha bamban. Tsohon ma'aunin kuɗin Barno shi ne ratal, wanda asalinsa nauyin jan ƙarfe ne. Da jan ƙarfen ya ɓace daga kasuwa sai sunan ya saura a matsayin lissafi, aka koma biya da gabaga, wato sawayen farin saƙi na auduga. Gabaga huɗu su ne ratal ɗaya. Baturen Ingila Clapperton, da ya taso daga Barno ya iso Katagum a watan Janairun 1824, ya rubuta cewa a nan ne ya fara ganin ana ciniki da wuri, domin duk hanyar da ya baro da sawaye ake saye da sayarwa. Katagum maƙwabciyar Haɗeja ce ta kudu maso gabas, saboda haka iyakar kuɗin biyu ta ratsa ne ta wannan fadama tun Buhari yana gidan mahaifinsa.

Abin da ke haɗa ɓangarorin biyu shi ne liyari, wato dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Sarauniyar ta mutu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa, saboda 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Afirka sun amince da shi a haka. Nauyinsa kimanin giram 28 ne, kuma fiye da kashi 83 cikin ɗari na jikinsa azurfa ce. Larabawan Tarabulus da Fezzan ne ke shigo da shi ta hamada. Da liyari ake auna darajar wuri a Kano, da shi kuma ake auna ratal a Kukawa. A zamanin Clapperton liyari ɗaya yana kan wuri 2,000 a Kano.

Hawansa gado da saɓaninsa da Sakkwato

A 1845 Sambo ya yi murabus saboda tsufa, aka naɗa ɗansa Garko, wanda ya rasu a 1847. Ɗan'uwansa Abdulƙadir ya gaje shi, shi ma bai daɗe ba ya rasu a 1848. Ruwayoyin baka sun nuna cewa Sambo ya fi son ɗansa Ahmadu ya hau, amma Buhari, wanda ke da goyon bayan mayaƙa da manyan bayin fada, shi ne ya karɓi kayan sarauta a wannan shekara.

Ba a jima ba sai ya sa aka kashe ɗan'uwansa Sarkin Auyo Nalara, wanda yake ganin zai iya yi masa takara. Labari ya kai ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, sai ya turo Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo zuwa Katagum domin ya binciki lamarin. Buhari bai miƙa wuya ba. A 1850 aka tuɓe shi, aka naɗa Ahmadu, shi kuwa ya fice da jama'arsa zuwa arewa maso gabas, cikin ƙasashen da ke bin Barno.

A nan ne zaman Haɗeja a kan iyaka ya yi masa rana. Shehun Barno Umar ɗan Muhammadu al-Amin al-Kanemi ba ya ƙin ganin an raunana Sakkwato a ƙasar da a da take kai wa Barno gaisuwa. Bajamushen nan Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bar Kano a watan Maris na 1851, ya bi ta Garki da Gumel da Macina, ya isa Kukawa a farkon Afrilu. A kan hanya ya tarar ana tara mayaƙa a ƙasar Macina domin taimaka wa Buhari. Cikin wannan shekara Buhari ya auka wa Haɗeja, ya ci garin, aka kashe Ahmadu. Daga nan ya yanke biyayya ga Sakkwato, tare da gaisuwar shekara-shekara da sarakunan tuta ke aikawa ta bayi da dawaki da tufafi da wuri.

Canjin kuɗi tsakanin Kano da Kukawa

Shekarun da Buhari ke fafutukar sarauta sun zo daidai da wani babban sauyi a kasuwannin Barno. Wajen 1848 ne hukumar Shehu Umar, bisa jagorancin wazirinsa Alhaji Bashir, ta shigar da wuri cikin kuɗin ƙasar. Aka tsayar da wuri 8 a kan gabaga ɗaya, wato wuri 32 a kan ratal ɗaya. Barno ba ta da hanyar teku, don haka wurin da take buƙata dole ya fito daga kasuwannin Hausa, ya ratsa ta Gumel ko Haɗeja ko Katagum.

Bayanan da Barth ya tattara sun ba da hoton yadda canjin yake. A Kano, a 1851, liyari ɗaya yana kan wuri 2,500, kuma farashin a tsaye yake. Fam ɗaya na Ingila ya kama kimanin wuri 12,000. Kuɗin ƙasa da kowane magidanci ke biya wa Sarkin Kano shi ma 2,500 ne, wato liyari guda a shekara, sannan kowace rijiyar rini tana biyan 700. A Kukawa kuwa farashin liyari hawa da sauka yake yi. Wani lokaci yakan faɗi zuwa ratal 45, wato wuri 1,440, wani lokaci ya haura zuwa ratal 100, wato wuri 3,200. Barth ya danganta wannan da manyan fada, waɗanda kan saki wuri a kasuwa ko su ɓoye shi gwargwadon abin da zai amfane su.

Ma'anar wannan ga falke a fili take. Idan liyari ya faɗi a Kukawa, wanda ya kai wuri can ya sayi azurfa ya dawo da ita Kano yana iya samun rarar fiye da wuri 1,000 a kan kowane liyari. Idan kuma ya hau, sai a juya lissafin, a kai azurfa gabas. Abin da ke hana farashin garuruwan biyu daidaituwa shi ne wahalar ɗauka da hatsarin hanya. Raƙumi ɗaya yakan ɗauki wuri dubu 100 zuwa dubu 150, wanda duka-duka liyari 40 ne zuwa 60, abin da mutum zai zuba a jaka ya rataya. Ga kuɗin ciyar da dabba, ga fito a mashigin kogi, ga garama a ƙofar kowane gari. Duk lokacin da yaƙi ya toshe hanya, ratar da ke tsakanin kasuwannin biyu sai ta ƙara faɗi.

Wani abin da ke ratsa wannan iyaka shi ne kanwa. Barth ya bayyana Gumel a matsayin babbar kasuwar kanwar da ake kawowa daga Barno da Muniyo, inda fatake ke saye su wuce da ita Kano har zuwa Nufe. Kanwa da dawaki da shanu suna tafiya yamma, baƙaƙen rigunan Kano da goro da wuri suna tafiya gabas. A tsakiyar wannan zirga-zirga Buhari ya kafa mulkin da ba ya amsa umarnin kowa.

Gamon Kafur

Sakkwato ba ta zuba ido ba. A 1853 Sarkin Musulmi ya umarci masarautun gabas su haɗa runduna su murƙushe Haɗeja. Mafi yawan mayaƙan daga Kano suka fito, ƙarƙashin Galadiman Kano Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi a 1855. Rundunar ta sauka a Kafur, kusa da birnin Haɗeja. Buhari ya bi ta inda ba a zata ba ya far musu kafin su shirya, rundunar ta watse, aka bar dawaki da kayan yaƙi da yawa a fili. Wannan karo shi ne ake kira Gamon Kafur, kuma har yau yana cikin abubuwan da mutanen Haɗeja suka fi tunawa a tarihinsu.

Bayan wannan nasara, Sakkwato ba ta sake iya tanƙwara shi ba. Ya kai hare-hare cikin gabashin ƙasar Kano da ƙasar Katagum da sauran maƙwabta, ya ci Marma ya haɗe ta da Haɗeja. Ya dogara ƙwarai da manyan bayin sarki, waɗanda ya ba sarautun yaƙi da garuruwan riƙo, domin biyayyarsu gare shi kaɗai take. Zumuncinsa da Barno ma na bukata ne, domin bai sa kansa ƙarƙashin Kukawa kamar yadda sarakunan Haɓe na da suka yi ba.

Abin da aka biya yaƙin da shi

Runduna irin ta Buhari tana cin dukiya. Ana bukatar dawaki da sulke da lifidi da takubba, ana bukatar riguna da rawuna na kyauta ga jarumai. Wuri ba ya isa a sayi irin waɗannan kaya masu tsada, saboda kuɗin ingarman doki ɗaya sai an ɗora wa dabbobi. Liyari kuma bai wadatu ba, kuma da yawansa maƙeran farfaru ke narkarwa su yi mundaye da zobba. Saboda haka a duk faɗin Daular Usmaniyya da Barno, babban kuɗin da sarakuna da attajirai ke biyan manyan basussuka da shi a wancan ƙarni shi ne bawa, domin shi dukiya ce mai tafiya da ƙafarta. Barth ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano kaɗai ba su wuce 5,000 a shekara ba.

Wannan shi ne ɓangare mai ɗaci na tarihin. Mutanen da aka kama a hare-haren Buhari manoma ne da masunta da makiyaya, da yawansu Musulmi 'ya'ya, waɗanda shari'ar da aka kafa daular a kanta ta hana a bautar da su. Kasancewar Haɗeja a bakin iyaka ya sa ana iya tsallakar da su zuwa kasuwannin Barno, inda hukuncin alƙalan Sakkwato ba ya kaiwa, a musanya su da dawaki da azurfa. Da Barth ya sake bin hanyar Kano zuwa Kukawa a ƙarshen 1854, ya tarar da garuruwan da ya sani cike da jama'a shekaru uku da suka wuce sun zama kufai, sakamakon waɗannan hare-hare da rigingimun sarauta na Gumel da na Barno. Wannan ne ya sa hukuncin tarihi a kansa ya rabu biyu. A Haɗeja ana tuna shi da jarumta da ɗaukaka sunan masarauta, a gabashin Kano da Katagum kuwa an daɗe ana tuna shekarunsa da gudun hijira.

Rasuwarsa

A 1863 Buhari ya kai yaƙi ƙasar Bade, ya kewaye birninsu Gogaram mai ƙaƙƙarfar ganuwa. A wannan yaƙi ne aka yi masa raunin da ya zama ajalinsa. Ɗansa Umaru ya gaje shi har zuwa 1865, sannan ɗan'uwan Buhari, Haru Bubba, ya karɓi mulki ya riƙe har 1885. A bayan Buhari ne Haɗeja ta koma cikin biyayyar Sakkwato, amma ta koma da faɗin ƙasa da ƙarfin soja fiye da yadda Sambo ya bar ta.

Makomar wuri a bayansa

Tun Buhari yana raye aka shuka abin da zai karya darajar wuri. Daga 1845 'yan kasuwar Hambog ta Jamus, daga baya da na Faransa, suka fara jigilar wani wuri mai girma kuma mai araha daga gaɓar Zanzibar zuwa Ikko da sauran tashoshin bakin teku, domin sayen manja. A shekarun 1850 da 1860 an sauke dubban tan na wannan wuri, kuma sannu a hankali ya malalo arewa. A farkon shekarun 1870 Bajamushe Nachtigal ya tarar liyari yana kan ratal 120 zuwa 130 a Kukawa, wato wajen wuri 4,000. A shekarun 1890 liyari ya kai wuri 5,000 a Kano. Wanda ya binne ƙeso a zamanin Gamon Kafur, ya tono shi bayan shekara arba'in, rabin azurfar da zai saya a da kawai zai samu.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, suka hana shigo da wuri a 1904. A watan Afrilun 1906 suka yaƙi Haɗeja, inda Sarki Muhammadu ɗan Haru, wanda ake kira Mai Shahada, ya rasu yana kare garinsa. Daga nan aka matsa a biya haraji da sule da sisi, aka kawo kwabo da anini masu huda a tsakiya domin su maye gurbin wuri a ƙananan ciniki. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Cinikin gyaɗa, musamman bayan layin dogo ya ratsa ta Malam Madori ya kai Nguru a 1930, shi ya ƙarasa shigar da kuɗin Bature kowane ƙauye. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da fam ɗin ƙasa a 1959, sannan a ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira da kwabo, a kan naira biyu fam ɗaya.

Iyakar kuɗi kuwa ba ta bar wannan yanki ba, sai dai ta juya daga gabas zuwa arewa. Faransa ta ƙirƙiro sefa a 1945, kuma ita ce kuɗin Jamhuriyar Nijar har yau. A watan Janairun 1994 aka rage darajarta da rabi, daga 1999 kuma aka ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957. Naira ita ma ta sha faɗuwa, musamman daga 1986 da kuma daga 2023. A kasuwar Maigatari da ke kan iyaka, farashin rago ko raƙumi yakan motsa da motsin canjin naira da sefa, kamar yadda farashin doki ke motsawa da canjin liyari tsakanin Kano da Kukawa. Tsofaffin sunaye ma suna nan a bakin jama'a. Dala, wadda asalinta sunan azurfar nan ce, ta zama sule biyu a Nijeriya, a Nijar kuma sefa biyar ake nufi da ita. Mai son nuna yawan kuɗi har gobe yakan ce wuri na gugar wuri.

Kammalawa

Sarki Buhari ɗan Sambo ya yi shekara 14 a kan gadon Haɗeja, 12 daga ciki ba tare da biyayya ga wata daula ba. Jarumtarsa da dabarar yaƙinsa ba a musunsu, amma abin da ya ba ƙaramar masarauta damar tsayawa gaban rundunar daula guda shi ne matsayinta a mahaɗar kasuwanni biyu, inda kaya da dawaki da azurfa da mutane ke canza hannu da canza farashi. Ribar wannan matsayi ta tafi ga fada da mayaƙa da manyan fatake, nauyinsa kuma ya sauka a kan talakawan da aka kora daga gonakinsu ko aka sayar da su. Fadamar Haɗeja tana nan tana ba da shinkafa da alkama da kifi, kuma manomanta da masuntanta har yanzu suna sayar da amfaninsu ne da kuɗin da ake tsayar da darajarsa a wasu wurare masu nisa. Allah Ya jiƙan magabata, Ya gafarta musu kurakuransu, Ya zaunar da masarautar Haɗeja da Jihar Jigawa lafiya.